Zauren Kaka a tafin hannu

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024

Daminar bana ta ci zauren Kaka da ke Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Kowa ya ga yadda tsohon masallacin Birni ya zube ranar 3 ga Satumba, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, domin hotonsa ya zaga duniya a waya. Namu bayansa da kwana huɗu ya bi, gab da kiran assalatu, ba wanda ya ɗauki hotonsa. Alhamdu lillahi ba a yi rauni ba. Kawu ya riga ya sauke bulo da siminti, kuma ban ga laifinsa ba: mai iyali yana son bangon da zai bar shi ya yi barci in hadari ya haɗo. Sai dai zanen da ke fuskar zauren, babban dagin da ke bisa ƙofa, da takubba biyu, da jinjirin wata, babu maginin da zai sake mana shi a jikin bulo.

Ranar da ake kwashe ɓaraguzai na cika kwanon sha biyu da ƙasar bangon, na kuma tsinci wani ɓalli kamar tafin hannu wanda shuɗinsa bai goge ba. Wata biyu suna ƙarƙashin gadona. Shekara uku ke nan ina ƙera ƴan kunne da yumɓun roba, ina rabar wa ƴan'uwa, jefi-jefi maƙwabta su saya, amma ban taɓa sa abu mai nauyi irin wannan a gaba ba. Zan gina zauren ƙarami da yumɓu na gaskiya, a gasa shi, in kai wa Kaka. Sannan abin wuya guda bakwai, na ƴaƴanta mata uku da mu jikoki mata huɗu, kowanne da ɗan ɗigon ƙasar bangon a cikin rezin, wani ruwan roba mai daskarewa garau kamar gilashi, dagi ya kewaye shi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ni da ƙanena mun auna tushen ginin kafin a tone shi: faɗin fuska mita 5. Tsayin kuwa daga hoto na ƙiyasta, da na gwada shi da tsayin Kawu da ke tsaye a bakin ƙofa, kusan mita 4 har da zankwaye. Ido ba mudu ba, ya san ƙima.

Masu ƙera ƙananan gidaje a Turai da Amurka sun fi bin ma'aunin 1 bisa 12. Da shi zauren zai wuce santimita 40 a faɗi, ya fi ƙarfin teburina, ya fi ƙarfin hannun Kaka. Na ɗauki 1 bisa 24: faɗi santimita 21, tsayi 17. Hotuna uku kaɗai muka samu a wayoyin dangi, duk na biki ne, kuma a dukkansu mata sun tare ɓangaren hagu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mirya, ranar kasuwa. Kilomita 18 ne kawai daga Damagaram, amma tun ina yarinya rabona da zuwa. Na bi layin masu tukwane, randuna da tuluna da kasake jere a ƙasa, har na tsaya wajen wata dattijuwa da tukwanenta suka fi na kowa santsin baki. Na gaishe ta, na nuna mata hoton zauren, na ce yumɓu nake so in saya, ba tukunya ba. Ta daɗe tana kallon wayar.

"Ɗiyata, ke za ki gina wannan?"

"Ni ce, Inna, in kin koya mini."

Ta aiki jikanta gida ya kawo curi guda a tsumma. Na ciro ƙasar bangonmu da na ƙulle a leda, na ce ina so in cuɗa ta a ciki. Ta ɗiba, ta jiƙa da yawu, ta murza tsakanin yatsu, ta girgiza kai. Ta ce wannan ƙasar gini ce, yashi da ciyawa sun yi mata yawa, ba ta da danƙo, in na zuba ta a yumɓu wuta za ta watsar da aikin. In ina so ta shiga, in bari sai bayan gashi in yi yaɓe da ita. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma ya fi nawa tunanin kyau: zauren zai sa fatarsa ta asali ke nan.

Ta ƙi karɓar kuɗin yumɓun. Na sayi tulu biyu da ba na bukata a yanzu, don ban iya tafiya haka nan ba.

Talata, 3 ga Disamba

Na murza sandar gwaji mai tsawon santimita 10 daidai, na ja mata layi biyu da reza, zan ga yadda za ta tsuke in ta bushe. Yaya ya dawo daga Kano da saƙona: rezin mai kwalba biyu, mazubin silikon mai da'ira, ƙugiyoyin sarƙa, da Fimo, wato yumɓun roba, baƙi da ruwan zinariya.

Asabar, 14 ga Disamba

Na ƙona dagi huɗu.

Yumɓun roba ba yumɓu ba ne ko kaɗan, garin roba ne irin ta bututun ruwa, wato PVC, da aka kwaɓa da wani mai da ke sa ta laushi. Ba ya bushewa a iska, zafi ne ke haɗe shi ya zama abu ɗaya. A takardar Fimo, wanda kamfanin Staedtler na Jamus ke yi, an rubuta digiri 110 na minti 30. Haka na saita ƴar tandar lantarkina kamar kullum. Sai dai ƴan kunnen da na saba yi masu kauri ne, suna jure wa, igiyar dagi kuwa siririya ce kamar taliya. Ban ankara ba sai wani wari mai kama maƙogwaro ya cika ɗaki. Na kashe wuta, na buɗe taga da ƙofa, na fitar da yara tsakar gida. Robar nan in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba, ba abin wasa ba ne.

Da na aro ma'aunin zafi wajen wata maƙwabciya mai yin kek, sai na ga tandar na haurawa har 150 kafin ta sauko, alhali maɓallin na kan 110. Shekara uku ina gashi a makance. Yanzu na shimfiɗa tayil guda a ciki don ya riƙe zafi daidai, na rufe aikin da takardar alminiyom kamar bukka, ina kuma bin ma'auni, ba maɓalli ba.

Kwana uku na yi ina saƙa waɗannan dagin. Shi dagi igiya ce da ke bi ta sama ta bi ta ƙasa har ta koma inda ta fito, in ka kuskure mahaɗa ɗaya ido zai gane ko da mai idon bai san dalili ba.

Lahadi, 22 ga Disamba

An ɗauke wuta ana tsakiyar gashi. Abin da bai gasu sosai ba yana karyewa kamar biskit, amma ana iya mayar da shi tanda a sake daga farko ba tare da ya lalace ba. Dagi biyu sun fito lafiya.

Sandar gwajin yumɓun Mirya ta koma santimita 9 da ɗigo 4. Za ta ƙara tsukewa kaɗan a wuta, don haka zan gina komai da ƙarin kusan kashi 8 cikin 100.

Laraba, 1 ga Janairu, 2025

Zubin rezin na farko bai yi ba. Na auna da sirinji biyu, kashi 2 na rezin, kashi 1 na mahaɗinsa, yadda kwalbar ta ce, na juya a hankali minti uku, na zuba rabi a mazubi, na barbaɗa ƙasar bangon, na cika. Da safe na tarar da abu fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa, ƙwayoyin iska sun yi wa ƙasar rawani, ga ƙurar hunturu ta kwanta a sama ta daskare tare da shi.

Na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa cike take da ƙananan ramuka masu iska, kuma ko ta yi kama da busasshiya tana riƙe da laima. Rezin kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, shi ya kawo farin. Sanyin dare ya sa rezin ya yi kauri kamar zumar da ta kwana, iskar ta kasa tasowa ta fashe. Masu yin sa sun tsara shi ne don ɗaki mai zafin digiri 21 zuwa 25. A Damagaram irin wannan zafin awa nawa yake yi a rana? Da dare muna ƙasa da shi yanzu, nan da wata biyu kuma za mu ninka shi saura kaɗan.

Na gwada ɗan rezin mai daskarewa da hasken rana da wata ƙawata ta ba ni. Ranarmu ta daskarar da samansa cikin ƴan mintoci, amma haske ba ya ratsa ƙasa, ƙarƙashin ya tsaya danƙo. Bai dace da wannan aiki ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Fuskar zauren da na gina makon jiya ta tsage tun daga ƙofa har zanko. Na naɗe ta a zane na koma Mirya.

Inna ta juya ta, ta duba tsagar, ta tambaye ni inda na shanya ta. Na ce a baranda, a inuwa. Ta ce inuwar hunturu ba inuwa ba ce, iskar kaɗai ta isa ta shanye gefe ta bar tsakiya da ruwa, gefen ya tsuke, tsakiyar ta ƙi, sai su rabu. Ta sa jikanta ya daka tsingaro a turmi, aka tankaɗe, ta nuna mini yadda take cuɗa shi a yumɓu, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, tana ji da hannu ba ta aunawa. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, shi ke riƙe sabon yumɓu kada ya ja da yawa. Ta ce kada bango ya wuce kaurin ɗan yatsa, in bar cikin ginin fayau, in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma a ƙuryar ɗaki, kullum in ɗaga tsumman kaɗan.

"Kwana nawa, Inna?"

"Ki ɗora shi a kumatunki. In kin ji sanyi, da saura."

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan sallar Juma'a na je Birni. Sabon bangon bulo ya kai kan ƙofa. Na tarar da Kaka a tsakar gida kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, na zauna kusa da ita, na ce mata ina neman abin da ke hagun ƙofar zaure, domin hotuna ba su nuna ba. Ban gaya mata dalili ba tukuna.

Idonta ya yi rauni shekarun nan, amma ba ta yi jinkiri ba. Ta ture kwaryar gefe, ta share ƙasa da tafin hannu, ta fara ja da ɗan yatsa. Allo ne, irin na makarantar allo, da mariƙinsa a sama, a ƙarƙashinsa kuma layuka uku masu lanƙwasa kamar ruwa. Ta ce surukinta, mahaifin mijinta Malam, shi ya sa magini ya yi allon a shekarar da Malam ya sauke Alƙur'ani, tun kafin a kawo ta gidan. Ta ce ƙofar ba a tsakiya take ba, ta ɗan karkata dama, saboda dakalin da ke hagu ya fi tsawo, nan Malam ke zama da almajirai bayan la'asar. Ni da na shiga ƙofar nan sau dubbai, a tsakiya na zana ta.

Ta ci gaba da ja, tana magana kamar da kanta: indararo biyu, na dama ya fi tsawo, zankwaye biyar, ɗaya ya guntule tun wata damina da ta wuce ba a gyara ba, duk bayan ƴan shekaru a sake yaɓe, a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Ta ce da Malam ya rasu aka fara tsallake shekarun yaɓe, daga nan bangon ya fara ciwo.

Na ɗauki hoton zanen nata a ƙasa kafin kaji su bi ta kai.

A hanyar komawa na bi ta lungunan da ke bayan fadar Sarki ina ƙirga gidajen da zanensu ya rage. Tun 2006 Birni da fadar suke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, tsohon garin Agadas kuma ya samu shiga a 2013. Garin nan namu, Damagaram, shi ne babban birnin ƙasa har 1926. Amma bangon ƙasa ba takarda yake jira ba, yaɓe yake so kafin kowace damina, kuma masu gidajen da yawa ba su da halin yi. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zubi na huɗu ya fito garau. Na gasa ƙasar a tanda awa guda a digiri 100 don laimar ta fita, na jiƙa ta da ɗan rezin a murfin kwalba tun kafin zubi har ta daina fitar da iska, na ɗumama kwalaben a ruwa mai ɗumi, na tsame sauran ƙwayoyin iska da tsinken sakace, na kife kwanon samira a kai na toshe gefensa da tsumma. Awa 48 ban ɗaga ba. Ƙasar ta yi duhu kamar bangon da ruwan farko ya taɓa, har wani ɗan guntun ciyawa ya fito a ciki, ciyawar da wani ya tattaka da ƙafa a cikin kwaɓi tun ba a haifi Kaka ba.

Na goge gefen da samfefa a cikin ruwa, daga mai lamba 400 har 2000, don kada in shaƙi garin.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ƙuraje sun feso mini a wuyan hannu, da ƙaiƙayi. Rezin da bai daskare ba ne ya taɓa ni inda safar hannu ta ƙare. Jiki in ya fara ƙin sa ba ya mantawa, kowane taɓi sai ya fi na baya tsanani. Na sayi safa mai tsawo, na koma aiki a baranda, na daina goge hannu da tsumman aiki. Duk mai son fara wannan sana'a, don Allah ya fara da safar hannu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An gasa zauren. Na kai shi tun jiya a cikin kwali, na riƙe shi a cinya har Mirya. Inna ta ɗora shi a kumatu, ta ce ya yi. Ta sa shi cikin wata tsohuwar tukunya ta kife da kasko don kada harshen wuta ya taɓa shi kai tsaye, aka jera shi tsakiyar tukwanenta, aka lulluɓe da kara da busasshiyar kashin shanu da ciyawa. Irin wannan wuta a fili takan kai digiri 600 zuwa 900. Wuri biyu ake jin tsoro: farko, in da sauran ruwa a jiki, tururi ya fasa aikin, sai kuma wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya. Ita Inna ba ta da ma'auni, launin hayaƙi take kallo.

Da safe aka tone toka. Ya fito ja, da baƙin tabo a kusurwa ɗaya. Na ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara siririya. Indararon dama ya karye, sauran duk lafiya. Faɗinsa santimita 21 da ɗan kaɗan.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi, zafi kuma ya shigo. Jiya da rana na kwaɓa rezin da ɗan yawa don in zuba uku a lokaci guda, kafin in gama na farko kofin ya yi zafin da ba ya riƙuwa, ya daskare da tsinken a ciki. Haɗuwar rezin da mahaɗinsa da kanta zafi take haifarwa, zafin gari ya ƙara mata gudu, yawan kwaɓin ya riƙe zafin a wuri ɗaya. Yanzu bayan sahur nake yi, cokali biyu-biyu. Fimo kuma na mayar da shi gindin randa, don zafin ɗaki kaɗai na iya fara gasa shi a cikin ledarsa.

Abin wuya huɗu sun kammala.

Asabar, 22 ga Maris

Yaɓe. Na tankaɗe ƙasar bangon da rariyar lallausan gari, na jiƙa ƙaro ya kwana ya narke, na kwaɓa su ruwa-ruwa, na shafa da gashin kaza sau uku, kowanne sai ya bushe. Farar ƙasa a kan dagi da allo, jar ƙasa a takubba. Shuɗin ne ya ba ni aiki: na yi ta gwada bula da farar ƙasa a gefen ɓallin da na tsinta, sai a gwaji na shida suka zama ɗaya. Na bar zanko na biyar a guntule.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na kai mata shi cikin yawon Sallah, bayan baƙi sun ragu. Na ɗora mata a cinya ban ce komai ba. Ta bi shi da yatsu daga sama, ta ƙirga zankwaye, ta tsaya a kan guntulallen. Ta sauko kan dagi, ta bi igiyarsa har ta zagayo. Ta gangara hagu, ta sami allon, ta sami dakalin, ta bar ɗan yatsanta a nan. Sai ta ɗaga shi ta shinshina.

"Ƙasar gidan nan ce."

"Ita ce, Kaka."

Ta yi shiru mai tsawo, Gwaggo ta juya baya tana gyara ɗankwali. Can Kaka ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ƴar nan. Amma ina ƙyauren? Zaure ba ya kwana a buɗe."

Ta ce na katako ne, da manyan ƙusoshi jere uku, da zoben ƙarfe a dama. Gobe Alhamis zan shiga Kasuwar Dole in nemi ɓallin katako marar kauri da ƙananan ƙusoshin masu takalma. Indararon dama zan sake shi da yumɓun da ya rage, Inna ta ce in kawo ranar Lahadi ta sa a gashi na gaba. Saura abin wuya uku, ƙasar kuma saura rabin kwano.